Shekarar da Na Miƙar da Hoton Baba

Baffanku Hamisu, Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa bai daina gaya wa mutane cewa ƙanensa ya yar da aikin Yamai, babban birnin ƙasa, saboda hoto ba. Kun ji shi da kunnenku a wajen suna da wajen biki, har a zaman makoki, kuma na lura kuna sunkuyar da kai idan ya fara, kamar ubanku ya yi abin kunya. To ba ƙarya ya yi ba. Na bar aikin, kuma saboda hoto ne, wannan da ke rataye a zaure kuna wucewa ta ƙarƙashinsa kullum ba ku ɗaga kai. Abin da bai taɓa faɗa ba shi ne yadda aka yi, don bai sani ba, bai kuma taɓa tambaya ba. Yanzu da gemu ya yi fari, ina so ku ji daga bakina.

Kakanku masunci ne a tabkin Madarumfa, dogo, baƙi wuluk, mai tafiya kai a sama. Yana salla, yana azumi, amma mahaifiyarsa daga wani ƙauye na wajen Gabi take, cikin dangin da ke kan addinin gargajiya, ita ce ta sa masa a rai tun yana ƙarami cewa hoto yana ɗauke kurwar mutum. Saboda haka bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Ko katin ɗan ƙasa bai yi ba, ya ce kifi bai taɓa tambayarsa takarda ba. Ni ne autansa, ni kaɗai kuma aka sa lakkwal, wato makarantar boko. Bayan na gama na koyi buga tafireta a Maraɗi, daga nan wani shiri na yaƙi da jahilci, da muke kira poroje, ya ɗauke ni a garinmu. Ƙananan littattafai muke yi da Hausa don manoma da masu lambu da masunta, ni ke zaune gaban ordinatar, wato kwamfuta, na'urar da a lokacin mutane kan leƙo ta taga don su ga yadda take.

Akwai wani bature a wurin, muna ce masa Mushe Luk, kamar a ce Malam Luk da Faransanci. Ya gaji da rigimar da muke yi kullum kan wane rubutu ne sabo, wane ne tsoho, wa ya gyara, wa ya ɓata, sai ya sa mana wata manhaja da ke ajiye aiki tare da tarihinsa. Duk gyaran da ka yi ka zuba a ciki, tana tuna yadda abin yake jiya da shekaranjiya, in ka so na bara ma ta fito maka da shi. Muka sa mata suna rumbu. Disket kuwa, ɗan faifan da ake ɗaukar aiki a kai, tsada gare shi, sai an je Maraɗi ko an yi saƙo Katsina, don haka ƙa'idar biro, wato ofishinmu, ita ce: da zarar an zuba abu a rumbu, a share disket a sake aiki da shi. Mun yarda da rumbu fiye da yadda muka yarda da junanmu.

Wata rana aka aiko mana da rubutu daga babban biro na Yamai a kan disket, na buɗe shi, sai ga shafi guda ya miƙe a layi ɗaya ba iyaka. Na kira Mushe Luk. Ya yi dariya, ya jawo tsohuwar tafiretata, ya ce da Hausarsa mai tuntuɓe:

"Isuhu, in ka kai ƙarshen layi, me kake yi?"

Na ce, "In tura keken ya koma farko, in murza takarda ta hau."

Ya ce, "Aiki biyu ke nan. Injinmu na nan yana rubuta alama biyu a ƙarshen kowane layi, lamba goma sha uku da lamba goma. Injin Yamai goma kaɗai ya sani. Rumbu ne ke sasanta su. In rubutu zai shiga, ya cire sha ukun da ke gaban goma. In zai fito, ya mayar."

Na ji, na ce madalla, na manta. Ba na tsammanin akwai ranar da zancen zai dame ni.

A shekarar ne muka fara littafin kifayen tabki, tarwaɗa da karfasa da gaiwa da sauransu, kuma rabin abin da ke ciki daga bakin Baba muka ji shi. Mushe Luk ya nace sai an sa hotonsa a bango. Da hantsi muka same shi a bakin ruwa ya dawo daga duba komarsa ta kamun kifi, Inna ta kawo masa fura. Baba ya ce a kai kasuwa. Bature ya roƙa, na roƙa, ya juya mana baya yana kwance igiya. Sai Inna, wadda ba ta taɓa kiran sunansa ba kuma ba ta taɓa raga masa ba, ta ce:

"Malam, tsohuwar kurwa irin taka, wa za shi wahalad da kainai ya ɗauka? Ka tsaya a yi maka, yara su san kamanninka."

Baba ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce to, sau ɗaya, don bakin matar nan ya huta. Inna ta ce ya dakata a ɗauko masa riga daga gida, don wadda ke jikinsa ta yage a kafaɗa. Ya ƙi. Mushe Luk ya nuna masa gefen jirgi ya zauna, nan ma ya ƙi.

"Zamne? Ni ba majinyaci ba ne."

Ya tsaya ƙyam da malfarsa, ya kafa gwangwalar tuƙinsa a ƙasa kusa da ƙafarsa. Kyamarar irin mai tofo hoto nan take ce, takarda ɗaya tak mai farin gefe, ba a iya wanke wani daga gare ta. Aka kai ta Maraɗi aka ɗora a na'urar da ke kwafe hoto zuwa cikin ordinatar, aka kawo mana a disket, fari da baƙi. Muka zuba a rumbu, muka share disket kamar kullum, takardar kuma aka ba Inna ta naɗe a tsumma ta sa a ƙasan adaka.

Damina biyu bayan haka Baba ya rasu, zazzaɓi na ƴan kwanaki. Mushe Luk ya riga ya koma ƙasarsu, littafin kifaye bai kai ga bugawa ba. Da Inna ta fita takaba ta buɗe adaka, sai ta tarar gara ta shigo ta ƙasa ta cinye tsumma da abin da ke ciki, ba ta bar komai ba sai wani ɗan farin gefe. Ban taɓa ganin Inna ta yi kuka irin na ranar ba, ko ranar jana'iza. Ga shi yanar ido ta fara rufe mata gani, na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bi. Na dafa ta na ce kada ta damu, hoton yana nan a biro, gobe zan kawo mata. Na faɗa da ƙarfin zuciya, don na san rumbu ba ya ɓatar da komai.

Washegari da aka tayar da gurub, injin da ke ba mu wuta, na ciro hoton. Sama ta fito tas, fara, da tsinin malfar Baba. Daga inda inuwar malfa ta fara kuwa, sai komai ya zame gefe, ya zama zane-zane a karkace har ƙasa, ba ido, ba hanci, ba mutum. Na sake cirowa, haka. Na ciro na farkon zubawa, haka. Na duba zanen kifaye, duk sun lalace, rubutu kuwa ko wasali bai ɓata ba. Ban koma gida cin abincin rana ba, don ban san da wace fuska zan kalli Inna ba.

Cikin wannan hali darektanmu, Mushe Sani, ya kira ni. Mutumin kirki ne, mai son ci gaban na ƙasa da shi. Ya ce poroje zai rufe, wata mai zuwa mota za ta zo kwashe injuna. Amma ya yi mini magana a Yamai, akwai gurbin mai kula da ordinatar a babban biro, da gida da albashin da ban taɓa mafarki ba. Sharaɗi ɗaya ne, in kasance can farkon wata, don akwai wasu a layi. Na yi godiya har ƙasa. A raina na ce kafin lokacin na gama da hoton.

Kwanaki na yi ina zagaye abin. Na zargi ƙura, na zargi zafi, na zargi cutar injin. Abin da ya buɗe mini ido shi ne nauyin fayil ɗin. Kowane hoto yana ɗauke da bayanin faɗinsa da tsawonsa a kansa, in ka ninka ka san yawan ɗigon da ya kamata a samu. Na lissafa, sai na ga wanda na ciro ya fi ƙima nesa ba kusa ba. Wani abu ya ƙaru a ciki ke nan. Na buɗe cikinsa da wata ƴar manhaja da ke nuna lambobi tsirara, na bi su da ido. A wajen farar sama manyan lambobi ne, don a hoto babbar lamba haske ce, ƙarama duhu. Da na iso inuwar malfa, sai ga su: sha uku, goma. Sha uku, goma. Ba goma ɗaya da ke tsaye ba tare da sha uku a gabanta ba. Na ture kujera na miƙe tsaye, na ji muryar Mushe Luk da tafiretarsa kamar yana ɗakin. Ba wanda ya taɓa gaya wa rumbu cewa wannan hoto ne. Shi a wurinsa komai rubutu ne, don haka duk ɗigon baƙin da lambarsa ta zo goma, ya ɗauka ƙarshen layi ne, ya cusa masa sha uku. Baba kuwa baƙi ne, ga inuwa, ga ruwa mai duhu. Kowane cushe yana ture sauran hoton gefe da ɗigo ɗaya.

Na tono littafin manhajar da bature ya bari, da Turancin Ingilishi, na yi ta fama da ƙamus har na gano yadda ake sa wa fayil alamar cewa ba rubutu ba ne, a fito da shi yadda yake kada a taɓa. Na sa, na ciro. Allahu Akbar! Ga Baba nan da malfarsa da gwangwalarsa. Na yi ihu har Mushe Sani ya fito da gudu yana zaton wuta ce ta kama. Duk biro aka taru ana tafa mini. Na hau mota zuwa Maraɗi aka buga mini a takarda mai kyau, na dawo ina jin kaina kamar wanda ya ci kokawa.

Inna ta karɓa ta fita bakin ƙofa wajen haske. Ta kawo takardar dab da idon dama, ta nesanta, ta sake kawowa. Ta daɗe. Sannan ta miƙo mini.

"Auta, wanga ba shi ba ne."

"Inna, shi ne mana. Ga malfa, ga jirgi."

"Na ga malhwa. Amma wanga mutum ya karkace, kamar mai jin jiri. Ubanku bai taɓa tsayuwa haka ba, ko ranar da ciwo ya kama shi. Ka maida musu abinsu."

Na ji haushi ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Amma da na kalli takardar da idon da ba na murna ba, sai na ga gaskiyarta. Kafaɗunsa suna wuri ɗaya, ƙafafunsa sun gudu hagu, gwangwalar ta jingina. Na sake lissafi, yanzu fayil ɗin ya gaza ƙima. Na gane sauran ɓarnar: tun ranar da aka zuba shi, duk inda sha uku ta gaskiya ta zo gaban goma a cikin duhun hoton, rumbu ya cire ta ya yar, yana zaton alheri yake yi. Wuraren sun fi ɗari, kuma ba wanda ya rubuta inda suke. Disket ɗin asali mun share shi da hannunmu.

Da yamma aka yi zaman da har yau nake jin muryoyinsa. Yaya Hamisu ya zo daga Ɗan Issa inda yake harkar motoci, ya ji labari, ya ce:

"Kai dai karatu ya ɓata ka. Ka sa abin a aljihu ka tahi Yamai, in ka zamna ka gyara a hankali. Tsohuwa ta jira."

Mahaifiyarku Hajara tana da cikin Rabi a lokacin, ta riga ta fara ɗaure kwanoni. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce:

"Yaya, idon ne ba ya jira. Jiya na miƙa mata ludayi ta kama iska."

Hamisu ya ce, "Ke ma kin bi shi? Gida da lantarki ake ba ku!"

Hajara ta ce, "Ina so, wallahi ina so. Amma in ya kawo hoton bayan ta daina gani, wa zai nuna wa?"

Inna tana ɗaki tana jin mu. Na san sabon ma'aikaci a Yamai ba ya samun hutu sai ya shekara, ba kuma za a bar shi ya yi wasa da injin biro kan hoton ubansa ba. A nan kuwa ga inji a hannuna har ranar da mota za ta zo. Da safe na je na gaya wa Mushe Sani. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce in sake tunani, don ba zai iya riƙe mini gurbin ba. Na ce na sani. Ya girgiza kai, sannan ya ce man gurub da ya rage na poroje ne, kuma a ganinsa hoton bangon littafi aikin poroje ne.

Dabarar da na samu daga farin gefen nan ta fito, irin guntun da gara ta bar wa Inna. A asali, inda farin gefe ya haɗu da hoto layi ne miƙaƙƙe daga sama har ƙasa. Duk inda aka cire ɗigo, layin yana yin ɗan tsalle zuwa hagu. Sai in ƙara girman hoton har ɗigo ya kai ƙwayar masara, in bi gefen a hankali har in ga tsalle, in ƙirga ko layi na nawa ne, in koma cikin lambobi in nemo goma a layin da ke samansa, in mayar mata da sha ukunta. In akwai goma da yawa a layin, in zaɓi wadda ke cikin mafi duhu, don ko na yi kuskure ido ba zai gani ba. Sannan in rufe, in sake buɗewa, in jira injin ya gama nishinsa, in duba ko tsallen ya tafi. Ke Rabi da kika karanta wannan fanni, na san za ki ce da an rubuta ƴar manhaja ta yi shi kafin shayi ya huce. Ubanki bai iya ba. Ido gare shi da taurin kan masunta.

Farkon wata ya zo ya wuce ina wajen kafaɗa. Aka ba wani ɗan Dogon Dutsi gurbin, na ji labari ina wajen yagewar riga, na ci gaba da aikina. Wasu ranakun gurub ya ƙi tashi, wasu ranakun idona ya yi ta ruwa har in daina ganin lamba. Amma kullum Baba yana ƙara miƙewa, ƙirji, ɗamara, gwiwa, kuma wani daɗi yana cika mini zuciya wanda ban taɓa samu a wani aiki ba. Ranar da na mayar da ta ƙarshe, na duba nauyin fayil, ya yi daidai da lissafi cif, ba ƙari ba ragi. Kafin in tashi na bi duk zanen da ke rumbu na sa musu alama, na rubuta da manyan baƙaƙe na manna a jikin injin don wanda zai gaje shi: kafin ka zuba abu, gaya wa rumbu ko rubutu ne ko ba rubutu ba. Masu kwashe kaya suna tsaye a kaina na kwafe hoton a disket biyu.

Abin da ya biyo baya kun san shi, don a cikinsa kuka tashi. Shekaru na yi a ƴar rumfa a Maraɗi ina buga wa mutane takardu, mahaifiyarku tana sayar da ƙuli-ƙuli, kun sha tafiya lakkwal da takalmi ɗaurarre da waya. Ɗan Dogon Dutsin nan ya yi ritaya da mota da bene. Ban ce ban taɓa tunawa ba. Na tuna, musamman ranakun da tukunya ta yi nauyin ɗorawa.

Amma ku ji yadda ranar da na kai wa Inna hoton ta kasance. Na sa aka buga shi babba a Maraɗi, na iso gida da la'asar. Hajara ta kamo hannun Inna zuwa tsakar gida inda rana ke faɗowa. Hamisu ma yana nan, ya harɗe hannu a jikin bango yana jiran ya ga ƙarshen hauka. Inna ta riƙe takardar da hannu biyu, ta kai ta har tana taɓa hancinta. Ta fara daga malfa. Ta sa yatsa a kan gwangwalar ta bi ta a hankali har ƙasa, yatsan bai kauce ba. Ta koma sama ta tsaya a kafaɗa. Muka ga ta buɗe baki za ta yi magana, na ce a raina shi ke nan, wani aibin ta gano.

Ba da mu ta yi magana ba.

"Malam," ta ce, "sai da na ce ka bari a ɗauko maka riga. Dube ka, kana tsaye gaban baƙi da yagaggen kaya. Kai dai ba ka jin magana."

Hamisu ya juya fuskarsa bango. Kafin kaka ta shigo idon dama ya rufe, amma har ta rasu, duk baƙon da ya zo sai ta sa an ɗauko hoton, ta ɗora yatsa daidai kan kafaɗar ba tare da lalube ba, ta ce a duba mata irin taurin kan mutumin nan.